Rasuwar 'Yar Shuɗiya, Wadda Inji Ya Fi Ƙarfinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, da ƙafafun da suka kasa tsayawa wuri ɗaya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motata, 'Yar Shuɗiya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan miƙaƙƙen titin bayan gari, tana da shekara ashirin da shida.

Marigayiyar gadona ce daga mahaifinmu. Da ɗan injinta mai silinda huɗu ta kai mu makaranta, ta kai Inna asibiti, ba ta taɓa tsere da kowa ba. Da safe takan yi tari biyu, sannan ta kama "tir-tir-tir" a natse. Tun daga kwanar layi Inna kan gane muryarta.

Ciwonta ya soma ne ranar da na ƙudura mayar da ita motar tsere. Wata bakwai ina kai-komo tsakanin inji biyu: mai lita biyu, da mai lita biyar, silinda takwas. Bakanikena ya auna ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce lita biyu ne iyakar abin da ƙashinta zai ɗauka. Surukina, wanda bai taɓa riƙe sifana ba, ya ce namiji ba ya sayen ƙaramin inji. In na kwana da shawarar wannan, sai na tashi da ta wancan. Ranar da aka tayar mini da babban injin a kan benci, daga nan ban ƙara jin maganar kowa ba.

Sai da aka yanke mata ƙarfe biyu kafin ya shiga. Bonet bai sake rufuwa ba, gabanta ya durƙusa. Ranar gwaji ta yi rurin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Giya ta ɗaya lafiya, ta biyu lafiya. A ta uku na taka har ƙasa, sai ta ce "ƙas", sau ɗaya tak. Giyabos ya fashe, shasi, wato ƙashin jikinta, ya murɗe. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Bakanike ya leƙa, ya goge hannunsa, ya dafa kafaɗata.

Ta rasu ta bar sababbin tayoyi huɗu, da tsohon injinta da ke zaune kan katako a lungun gareji, lafiyarsa ƙalau. Ta bar Inna, wadda na ce mata ana yi wa motar fenti, kuma kullum sai ta tambaya ko ya bushe. Ta kuma bar babban injin, wanda babu alamar nadama a tare da shi.

Janwe zai ɗauke ta ranar Asabar da ƙarfe tara zuwa filin masu sayen tsohon ƙarfe. Za a karɓi gaisuwa a gareji. Surukina an yafe masa zuwa. Masu ta'aziyya su yi haƙuri in ba su same ni a zaune ba, an ce akwai wata motar da ba ta da inji a can ƙarshen gari, kuma na ari tef ɗin awo na bakanike.