Dainoson da Ya Kusa Cinye Auren Ɗana

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon kyaututtukan nan ba, ko da yake Allah shaida ne na yi iya ƙoƙarina. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da zane a Keffi, ba a taɓa jin kansa da kowa ba, sai da furfura ta gama cinye kansa sannan wata dabba da ta ƙare tun duniya na jaririya ta tashi ta tona masa asiri.

Ni ɗan kwalejin horon malamai ne na shekarun da kuɗin mai ya fara ambaliya, lokacin da gwamnati ke turo fenti gwangwani-gwangwani har mu rasa abin shafawa mu koma kan ƙafafun gado. Malaminmu na zane wani Ba'indiye ne mai ƙa'ida guda: kada ka zana dabba da ka, nemi mai rai ka zuba mata ido. Da wannan ƙa'idar na ci abinci har na yi ritaya. (Da ita kuma na kusa rasa suruka, amma mu bi a hankali.)

Bayan ritaya sai Alhaji Garba, mai wata makarantar kuɗi a wajen Gangaren Tudu, ya ɗauke ni in riƙa koya wa yara zane. Shi wannan Alhajin kuwa 'yarsa Hauwa ɗana Nasiru yake nema. An riga an kai gaisuwa, sa rana kawai ta rage. Don haka kullum da safe gaisuwa biyu nake yi masa a dunƙule: ɗaya ta ma'aikaci, ɗaya ta mai roƙon iri.

Ana nan sai Alhaji ya sayo wa makaranta irin kwamfutar nan shafaffiya da ake kira tabilet, ya ce a ranar rabon kyaututtuka yana son iyaye su ga inda kuɗinsu ke tafiya. Madam Rifkatu, malamar kwamfuta, wata yarinya 'yar ƙabilar Mada mai kazar-kazar, ita ta yanke cewa in zana dainoso, wato ƙaton ƙadangaren nan na zamanin da, a haska shi da majigi.

"Baba, ba wuya fa," in ji ta. "A nan ba wanke burushi, ba fenti a riga. In ka yi kuskure ka taɓa nan, ya koma baya."

Na daɗe ina kallon maɓallin. An ce da-na-sani ƙeya ce, sai ga ta an dawo da ita gaba an manna a jikin gilashi.

Ta nuna mini yadda ake aikin falle-falle, kamar takardu shara-shara ɗaya a kan ɗaya. Fallen ƙasa na shimfiɗa sararin sama, na ba shi jan yamma irin na ƙarshen damina. Na bisansa na jera duwatsu (na bayan gari na ara, ba wanda ya yi ƙara). Sai kogi, sai giginya da ciyayi masu tsawo. Alƙalamin robar yana ta zamewa kamar ina rubutu a kan faranti mai maiƙo, wuyana ya ƙage, idona yana ruwa, amma dai daji ya fito. Har Malam Isa na Islamiyya ya leƙo ya tambaye ni ko na san hukuncin zana abu mai rai. Na ce masa wannan ya daɗe da rasa nasa. Ya yi tsaki ya wuce.

Saura mai gayya mai aiki. A nan ƙa'idar Ba'indiye ta tsaya mini a wuya, domin na duba Keffi kaf ban ga inda ake kiwon dainoso ba. Fata ba ta ba ni wahala ba, ƙadangarun katangarmu sun biya buƙata. Ƙafafu na samu a wurin zakaran maƙwabta, na bi shi a tsakar gida ina durƙushe har uwar Nasiru ta tambaya ko in kira mata wani ne. Amma tsayuwar, yadda jiki zai rinjaya gaba, ciki ya sauko, 'yan hannuwa su naɗe a ƙirji, wannan ta ƙi. Na zana, ya fito kamar akuya mai ciwon baya. Na goge na sake, ya fito kamar buta. Na danna maɓallin da-na-sani har na ji tausayinsa.

Wata rana bayan an tashi yara, na gaji iya gajiya, ina ta jan hotunan da ke cikin tabilet ɗin don in huta da ido, sai na faɗa kan hoton ranar wasanni. Ga Alhaji Garba yana tsallaka fili. Ya rinjaya gaba, tumbi ya riga shi, hannu ɗaya da carbi ɗaya da waya duk a naɗe a ƙirji, iska kuma ta ɗebi babbar rigarsa ta miƙe ta a baya zar.

Jama'a, ban yi da mugunta ba. Idon mai zane ba shi da suruki. Abin da na kwana na tashi ina nema ne na gani a tsaye da hula. Na sa hoton a fallen ƙasa, na ɗora sabon falle, na bi layin a hankali: gadon baya, tumbi, hannuwa, riga ta zama jela. Kafin la'asar dainoso ya tsaya da ƙafafunsa, kai ka ce zai yi magana. Na goge hoton, na yi istigfari, na shafa launi, na sa inuwa. A zamaninmu in ka goge abu ya gogu, sai dai ɗan baƙi-baƙi a takarda.

Ranar taro babban ɗakin makaranta ya cika. Iyaye, 'yan kasuwa, ma'aikata, har da fasto da liman a jeri ɗaya. Alhaji na gaba a kujera mai laushi, Hajiyarsa a gefe. Nasiru ya ci shadda yana ta raba ruwa, wai a ga hankalinsa. Aka haska zane, ɗaki ya ɗauki tafi. Ni kuwa na karɓi lasifika na shiga bayani, har da kawo tarihin kwaleji da ƙa'idar Ba'indiye. Na ce duk abin da suka gani a jikin dabbar nan, daga abu mai rai na ɗauko shi, a nan cikin garin.

Sai Madam Rifkatu ta matso ta raɗa mini: "Baba, in nuna musu yadda ka yi shi tun daga farko? Na'urar tana ajiye komai."

Na ɗauka falle-fallen za ta buɗe, sama da duwatsu da kogi. Na ce a lasifika, da bakina: "Nuna musu, 'yata. Aikin gaskiya ba ya tsoron rana."

Ashe abin da take nufi, na'urar tana naɗe kowane motsin alƙalami kamar fim. Aka ga sama ta shimfiɗu, duwatsu sun tsiro, kogi ya malalo, mutane na ta "kai!" Aka ga akuya mai ciwon baya ta zo ta wuce, aka yi dariya, ni ma na taya su. Buta ta zo ta wuce. Daga nan sai ga Alhaji Garba, faɗin bango guda, da carbinsa da wayarsa.

Ɗakin ya yi tsit. A gaban kowa baƙin layi ya hau gadon bayansa, ya zagaye tumbi, ya bi riga ya fitar da jela. Hula ta zama ƙoƙon kai. Haƙora suka fito ɗaya bayan ɗaya. Madam Rifkatu ta rikice tana ta danne-danne, maimakon ya tsaya sai ya koma farko.

Wadda ta fara fashewa ba kowa ba ce sai Hajiya. Ta toshe baki da mayafi, abin ya fi ƙarfinta. "Wallahi tafiyarsa ce!" Shi ke nan, ɗaki ya rushe. Na hango liman ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Na hango Nasiru tsaye da ledar ruwa, yana kallona irin kallon da ake yi wa wanda ya sa wa rumbu wuta. Alhaji kaɗai bai motsa ba, sai dai a hankali ya sauke hannuwansa daga ƙirji ya ɗora a gwiwa.

A gida Nasiru bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Baba, duk mutanen Keffi, sai shi?"

Na ce, "Su sauran ba su da tsayuwar." Uwarsa ta tashi ta bar ɗakin.

Washegari na ɗauki yayana, Malam Sule, muka tafi zauren Alhaji ban haƙuri. Yaya ya yi doguwar shimfiɗa, ya kawo zumunci, ya kawo tsufa, ya kawo sharrin na'ura. Alhaji ya saurara har ƙarshe.

"Wane hoto ke nan?" ya ce. "Ni jiya a mota na bar tabarauna, ban ga komai ba."

Yaya ya daure ya taɓo maganar sa rana.

"Yara ba su zana kowa ba," in ji Alhaji. "A bari dai sai bayan kaka, mutane su sami wani abin magana."

Muka yi godiya muka miƙe. Ina cikin laluben takalmi ya kira ni.

"Malam."

"Ranka ya daɗe."

"Haƙoran nan fa, sun yi yawa."

An ɗaura aure bayan kaka, har an yi suna. Yanzu tabarma ɗaya muke zama da Alhaji a kowace hidima, ba mu taɓa sake tayar da zancen ba. Sai dai tun daga ranar, duk inda ya hango ni, hannuwansa a baya yake goye su. Ni kuma in yara suka yi ruri a bayan aji idan ya wuce, sai in yi kamar kunnena ya tsufa.

Abin da na koya, a shekarun da ya kamata a ce na gama koyo: takarda tana mantuwa, na'ura kuwa sai ta yafe maka a fuska ta ajiye a ciki. In kuma ka rasa dainoso, ka tsaya a kan zakara. Shi dai ba ka neman 'yarsa.