Lungun Da Ya Yi Ja a Taswira

Ba zan taɓa mantawa da ranar da taswira ta tona mini asiri a gaban mutumin da na fi shakka a duniya ba.

Lokacin ina sabon malamin tarihi a wata sakandare a cikin birni, kaina na hayaƙi. Na ce haddar sunayen ƙofofi ta isa haka. Na kwashi ɗalibai muka bi ganuwa daga Ƙofar Na'isa har Ƙofar Dawanau, ina ɗaukar hotuna da wayata. Kowane hoto, wayar na riƙe inda aka ɗauke shi, ta sa masa jan ɗigo a taswira. (Yadda nake hura hanci, ka rantse ni na ƙera wayar.)

Abin da ban faɗa muku ba, ina neman Sa'adatu, 'yar firinsifal ɗinmu Alhaji Garba, shi kuwa bai sani ba. Wajen kakarta take zaune a Gwale, can nake raɓawa bayan la'asar. Kullum ta ce in turo magabata, kullum in ce sai aikina ya zauna.

Ranar nuna aiki na haɗa majigi, aji ya cika, Alhaji a kujerar gaba. Taswira ta fito a bango, ɗigo nan, ɗigo can, kowanne a kan ƙofarsa. Sai ga wani lungu a Gwale ya yi jawur kamar an shanya barkono. Ashe waya ba ta san hoton aiki da na son zuciya ba.

"Malam, nan kuma wane wurin tarihi ne?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ai... wani tsohon gini ne."

"Buɗe mana mu ƙaru."

Na danna. Ga ni a kan dakali, hula a karkace, baki har kunne, Sa'adatu na rufe fuska da mayafi. Aji ya kaure da shewa. Wallahi a raina na gama sallama da aikin da yarinyar gaba ɗaya.

Alhaji ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Tsohon gini ne kam, a nan aka yanke mini cibiya. Amma Malam, kai ka koya wa yaran nan birni ta ƙofa ake shigarsa, ba a haura ganuwa. Ranar Asabar ina jiran kawunnanka."

Sun je, an ba ni. Sai dai har yau surukina "Malam Tsohon Gini" yake ce mini. Kafin ka haska tarihin gari a bango, fara duba naka da ke cikin aljihu.