Ƙibar Sulekha Ta Hana Ni Fasfo

Jiya na sake shan matsi a jirgin ƙasan asuba, a tsaye, hancina cikin hammatar wani bawan Allah, duk don in isa babbar kotu in shiga layin masu laifi. Jama'a, ni Bansilal tela da kuka sani, wanda ko sauro sai na ba shi haƙuri kafin in tafa shi, shekara huɗu ke nan hukumar Indiya na kirana mai azabtar da matar aure.

Ga yadda aka haihu a ragaya. Ɗan ƙanena Omkar ya auri Sulekha, uwarsa ta tasa yarinya a gaba da gori kan babur ɗin da iyayen amarya suka yi alkawari ba su kawo ba. Gogan naku kuwa ya zama ɗan amshi, har wata rana ya kai mata mari. Sulekha ta kai ƙara, kuma ta yi daidai, ko 'yata ce abin da zan ce ta yi ke nan. Sai dai lauyanta mutum ne mai kyauta, ya kwashi dangi kaf ya zuba a ƙarar, har da ni da laifina bai wuce cin alawar laddu a bikin ba.

Da duniya ta yi wa Omkar atishawar tsaki, ya je ya dafa ƙafafun surukinsa yana kuka, ya kama haya nesa da uwarsa, suka shirya. Muka ce to a janye ƙara. Ashe ƙugiya ce, shiga ba wuya, fita sai da tsoka. Ƙaramin alƙali ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai babbar kotu. Masu fasfo suka ce mai shari'a a wuya ba ya ƙetare ruwa. Ga 'yata Kusum ta haihu a Maskat ta ƙasar Oman, jikar da har yau ban ji nauyinta a hannuna ba. Abin yana ci mini rai.

Maƙwabcina Ramdin mai shayi ya ce bai taɓa ganin shari'a irin tamu ba: mai ƙara da wanda ake ƙara su zo a babur ɗaya, ta riƙe ƙugunsa, a tashi hutun rana ta buɗe kwano ta raba wa azzalumanta gurasa da miyar wake. Na ce masa ya iya bakinsa, manyanmu masu hangen nesa ne, so suke su tabbatar auren ya kai jikoki tukuna.

To jiya dai rana ta yi. Al'adar wurin, dole ɗan sandan da ya binciki ƙarar ya zo ya shaida cewa matar da ke tsaye ita ce ta kawo kuka tun farko. An daɗe ana farautarsa, don an yi ta canja masa gari kamar kuɗin cizo. Sai ga shi nan, Mai Girma Sarkin Gashin-baki, ya shigo yana taku ɗai-ɗai. Har na fara lissafin rigunan da zan ɗinka wa jikata.

Ya dubi tsohon hotonta da ke cikin takardun ƙarar, ya dubi Sulekha, ga kumatu, ga ciki wata bakwai, tana murmushi.

"Ya Mai Shari'a, wadda na sani siririya ce kamar sillen kara, kullum cikin hawaye. Wannan ban santa ba."

Alƙali, Sarkin Ɗage-ɗage, Allah ya ja zamaninsa, ya gyaɗa kai ya ce a je a bincika. Zaman duka bai kai shan shayi ba.

Muna fitowa baranda Sulekha ta ƙulle bakin zanenta na sari a ƙugu, ta tare Sarkin Gashin-baki. Ta tuna masa yadda ya bar ta a bencin ofishinsu tun safe har yamma ranar da ta kai ƙara, da samosar babanta da ya cinye, ta wanke shi tas ba sabulu. Mutumin ya dafe kunne, fuskarsa ta washe.

"Ita ce! Na rantse ita ce, wannan muryar ko a kabari zan gane ta!"

Muka kwasa a guje, ni da Omkar da mai ciki da ɗan sanda, takalmina ɗaya a hannu, ina dariya kamar zautacce. Muka tarar an rufe ƙofa. Masinja ya ce Mai Shari'a ya tashi, kotu ta tafi hutun zafi, sai damina ta sauka.

A bencin ƙofar akwai wata yarinya da ta ja mayafi ta rufe idonta ɗaya da ya kumbura. Ita ba shiri ta zo yi ba, kuma ƙararta tana bayan tamu a layi. Sulekha ta zauna kusa da ita ta miƙa mata sauran gurasar, dariyata ta koma ciki.

Da yamma Kusum ta kira ni ta bidiyo, wai in ga abin mamaki, jikata ta fara magana. Uwar ta ce, "Ina Kaka?" Yarinya ta wuce hotona da ke bango, ta rungume wayar ta sumbace ta. Yanzu duk wayar da ta gani a Maskat, Kaka ce.

Don haka duk wanda ya haɗu da Sulekha kafin damina, don girman Allah kada ya ba ta laddu.