Ranar da Turai ta Wanke Lofen Maccido

"Lahiya lau, bawana. Ashe kana nan da ranka? Mu a Goronyo an ce muna kura ta ɗauke ka, ta ji warin taba ta maido."

"Ke taka nema, Turai. Da anka gaya mata ƙashi na ba nama, sai ta koma daji."

Haka suka fara ran nan, a gindin durumin bayan gidan Maccido a Wurno, shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Maccido abokina ne tun muna kiwon awaki. Yau kwana arba'in da muka kai shi makwancinsa, Allah ya jiƙansa, kuma duk sa'ad da na so in ji muryarsa wannan ranar nake tunawa.

Turai taubashiyarsa ce, ɗiyar kawunsa, maginiyar tukwane da aure ya kai Goronyo. Bikin suna ya kawo ta Wurno. Mu kuwa mun taso daga ban ruwan albasa da hantsi, Maccido ya zura hannu kogon durumin inda yake ɓoye lofensa, don malaman unguwarmu ba sa son ganin hayaƙi a ƙofar gida. Lofen yumɓu ne, mahaifiyarsa Inna Kaltume ta gina masa shekarar da za ta rasu. Shekara tara ko ni bai taɓa bari na zuƙa ba.

Ya laluba, ya sake lalubawa, sannan ya juyo gare ni.

"Halliru, wa ya zo wurin ga?"

Turai ta ce, "Mi kaka nema? Wannan ƙazamin abu mai kama da kashin jaki?"

"Turai, ki ji tsoron Allah."

"Shi na ji. Shi ya sa na taimake ka."

Ta kwance bakin zanenta ta miƙo masa. Wallahi ban gane shi ba. Lofen da na sani baƙi ƙirin, ga shi ja zir kamar tulun da aka fitar daga wuta jiya.

"Mi kika yi mai?"

"Wanka. Toka, rairai da soson dawa, a bakin gulbi. Sau ukku ina canza ruwa. Kifaye sun suma, masunta na ta sa mani albarka."

"Ƙanzon da ke ciki hwa?"

"Na kankare da wuƙa. Ya cika tahin hannu."

Maccido ya dafe kai. "Halliru, riƙe ni! Shekara tara ina gina ƙanzon ga, zuƙa bayan zuƙa. Shi ka sanyaya hayaƙi, shi ka ba taba daɗi. Baturen gona da ya zo bara, mai lofen icce, ya shinshina shi ya ce in ba shi ya ba ni nashi, na ƙi!"

"Baturen mura shika yi."

"Lofe ba a wanke shi da ruwa, ke baƙauyar Goronyo! Gashin zabo aka zura wa karan, a kaɗe toka bisa tahin hannu, ba bisa dutse ba, a bar shi ya huta wuni guda. Shi ke nan!"

"To shi ya ji daɗi, ubangidansa ko hakan ba a yi mai. Yaushe rabonka da ruwa? Zauna nan in ɗauko sauran tokar."

"Ke da mijinki ka auna tuwonki da guduma?"

"Kai da jakinka ka juya baya in za ka hau, don kar ya ga huskarka?"

Ni dai dariya nake har da riƙe ciki. Maccido ya ce bari ya nuna mata ɓarnar da ta yi. Ya murtsuke busasshiyar taba ta gonarsa ya cusa, na ɗauko masa garwashi, ya zuƙa. Tari ya sarƙe shi, idanunsa suka kawo ruwa, kan lofen ya yi zafi har ya sauya hannu.

Turai ta ce, "Ka gani? Har ya hwara yi maka wankin ƙirji."

Bai rama ba. Ya kaɗe wutar, ya zauna a kan saiwar durumin yana kallon abin.

A hankali ya ce, "Shi kaɗai Inna ta bar mani. Tukwanenta duk sun hwashe."

Turai ta dube ni, na dubi ƙasa. Na ji tsoro, don wasan taubasai in ya kai ga hawaye ba kowa ke iya ɗinke shi ba. Ta tsuguna gabansa.

"Juya shi, Maccido."

"Ki ƙyale ni."

"Na ce juya gindinai, makaho."

Ya juya. A ƙarƙashin kan lofen akwai ɗan loɓawa da zane uku a gefensa. Maiƙon hannu da baƙin hayaƙi sun daɗe da cike wurin.

"Babban yatsan Gwaggo Kaltume na," in ji Turai. "Wurinta na koyi gini. Ina zaune gabanta ta danna shi tun yumɓun na ɗanye, ta ce nan za ka riƙa riƙewa don kar ka ƙone."

Maccido ya ɗora yatsansa a wurin. Yatsan ya zauna daram. Sai Maccido ya ja hanci.

"Hayaƙin ga ya shiga mani ido."

"Wutar da ka kashe tun ɗazu?"

"Taba ta Wurno ta, ƙarfi gare ta, ba irin ganyen kabewar da kuka sha a Goronyo ba."

"To na yi laihi ko ban yi ba?"

"Cikin kin yi ɓarna."

"Na yarda. Wajen hwa?"

Ya yi dariya har haƙoransa na goro suka bayyana. "Wajen kin ci, uwargijiyata. Yau kaɗai hwa! Halliru, kar ka gaya wa kowa na hwaɗi haka."

Turai ta ce, "Halliru, a kasuwar Achida za ka hwara shela."

Ya shiga gida ya cika mata kwando da albasa, ya ce ta riƙa ci ko warin bakinta ya ragu. Ita kuwa bayan sati ta aiko masa da ɗan ƙoƙon zuma, ta ce a gaya wa bawanta ya lasa, kar ya shanye. Ya san abin da take nufi. Ya shafe cikin lofen da zuma, ya riƙa cusa taba rabi-rabi, yana zuƙa a hankali, sau ɗaya a wuni, har sabon ƙanzo ya fara kamawa. Wata huɗu yana zaginta kullum kafin hayaƙin ya yi sanyi. Amma daga ran nan, duk ya gama sha sai ya goge gindin lofen da bakin rigarsa. Bai sake bari baƙi ya rufe wurin ba.

Ran sadakar ukun Maccido, Turai ta zo daga Goronyo, ta tsufa, tana dogara sanda. Ba ta shiga wurin mata ba, ta zagayo bayan gida ta same ni a gindin durumi.

"Halliru, bawana ya gudu bai yi mani sallama ba. Ina ƙazamin abin nan?"

Na zura hannu kogon na miƙa mata. Ta leƙa ciki, baƙi ƙirin. Ta juya gindin, ja zir.

Na ce, "Ko in kawo toka da rairai?"

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Ka taɓa ƙanzon ga in karya maka hannu."

Ta ɗora yatsanta inda nasa ya saba zama, ta ƙulle lofen a bakin zanenta.