Saƙon da Ya Ƙi Tafiya Ibadan

A ƙauyen Gidan Jatau, can cikin kwari bayan dutse, akwai wani gida mai mutum biyu: Inna Tabawa da autanta Cindo, wanda aka haifa da yatsu shida a hannun dama. Cindo ya ba talatin baya, ga ƙarfi ga ladabi, sai dai yadda ka faɗa masa magana haka zai yi ta, ba ragi ba ƙari. Yayarsa Uwale tana sayar da abinci a unguwar Sabo ta Ibadan. Ita ta sayo masa babbar waya, ta nuna masa wani ɗan maɓalli ta ce, "Ka kashe data a nan, kada ta ƙare a banza." Ya kashe a gabanta, ta ce madalla.

Wata rana da damina ruwa ya yi wa Inna dukan tsiya a gona. Ta shigo tana rawar ɗari tana cewa, "Wayyo ni, yau na mutu." Cindo bai yi wata-wata ba ya buga waya: "Yaya, Inna ta ce ta mutu." Uwale ta rufe rumfa, ta kwana a mota tana kuka, ta iso ta tarar da Inna a tsakar gida tana surfe. Ranar ta rantse ta ce, "Cindo, daga yau ko me ka ce, sai na gani da idona zan taso."

Wata rana kuma sai ga ciwo na gaske. Ƙafafun Inna suka kumbura, ko kunu ba ya wucewa. Da Cindo ya kira, Uwale ta ce, "Turo min bidiyonta." Inna tana ji. Ta sa aka ɗauko mata atamfar salla, maƙwabciyarsu Lantana ta shafa mata kwalli ta riƙe wayar. Sannan Inna ta ce, "Cindo, ɓuya a bayana ka tallafe ni. Kada ka saki sai an gama." Ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage mata ta yi murmushi. "Uwale, ga ni kin gan ni, lafiyata ƙalau. Kada ki taso, ki kula da yaranki." Ana gamawa ta sulale a jikinsa. Lantana ta danna turawa, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a kan hoton, saƙo ya ƙi tafiya.

Wata rana Cindo ya kai ƙara wurin Barau mai cajin waya. Barau ya ce, "Wane sabis a kwarin nan? Hau inda ya fi ko'ina tsawo, ka ɗaga ta sama har ya tafi." Cindo ya hau kan dutse tun hantsi, ya ɗaga hannu kamar ɗalibin da ya san amsa. Mata masu itace suka wuce suna dariya, suka dawo suka same shi yadda suka bar shi. Da la'asar caji ya ƙare, ya sauko hannu a sandare. Ya tura ƙyauren ɗaki, sai ya ji muryar Inna: "Uwale ce?" Ya ce, "Ni ne, Inna. Ai kin ce kada ta zo." Ta juya fuska ga bango. Abin ya tsaya masa a rai, bai san inda zai ajiye shi ba.

Wata rana ya tare Malam Ilu na makarantar firamare a hanya. Malam yana sauri, ya ce, "Kashe ta, ka bar ta ta huta, sannan ka kunna." Cindo ya kashe waya, ya kwantar da ita kusa da Inna, ya lulluɓe ta da zane. Ba wanda ya gaya masa tsawon hutun, shi kuwa ya ga marar lafiya ba ya hutawa a wuni guda, sai ya ba ta kwana uku. A kwanakin nan Uwale ta kira ya fi sau goma tana jin waya a kashe. Ta ce a ranta ai dama ta sani, kunya ce ta kama shi, ya sake tayar mata da hankali a kan mura. Inna kuwa sai ƙara lotsawa take a shimfiɗa.

Wata rana, ranar kasuwa, ya taka har cikin gari wurin mai gyaran waya. Mutane sun yi wa teburin dafifi, Cindo kuma ya tsaya a kansa yana maimaita, "Saƙon Inna ya ƙi tafiya Ibadan." A karo na biyar mai gyara ya fusata, ko duba wayar bai yi ba ya ce, "Malam, in ya ƙi tafiya ka ɗauka ka kai mata da kanka mana." Cindo ya ce, "To." Ya koma gida ya bar wa Lantana amanar Inna, ya ƙulle waya a leda, ya hau saman tirelar shanu mai zuwa kudu. Mutanen ƙauye suka ce yau kam wautar Cindo ta kai ƙarshe.

Ya isa Sabo fuska duk ƙurar hanya, ya yi ta tambaya har aka kai shi rumfar Uwale. Ya miƙa mata waya da hannu biyu ya ce, "Yaya, ga saƙon." Ta jona caji ta kalla, ta sauke ajiyar zuciya, sannan ranta ya ɓaci. "Kai dai Allah ya shirye ka. Ga ta nan zaune garau, har da kwalli." Cindo ya ce, "Ai ni na riƙe ta." Ta sake kunnawa, ta kawo wayar kusa da ido. A gefen haƙarƙarin Inna, ƙarƙashin mayafi, ga hannu mai yatsu shida ya dafe atamfa tamau. Ta ce, "Da ka sake ta fa?" Ya ce, "Da ta faɗi. Kuma kullum aka taɓa ƙofa sai ta ce ke ce." Uwale ta bar tukunya a kan wuta, ko kaya ba ta canza ba, suka kama hanyar gida.

Da suka tura ƙyauren ɗakin, Inna ta ce, "Uwale ce?" Wannan karon aka amsa mata. Kwana biyu ta yi a kan cinyar 'yarta, suka yafi juna, ran na uku da hantsi ta cika.

A zaman makoki Uwale ta karɓi wayar Cindo za ta sanar da dangi na nesa, sai ta ga data a kashe. Ta ce, "Wa ya kashe wannan?" Ya ce, "Ke kika ce in kashe, Yaya. Ba ki ce in kunna ba." Ta danna maɓallin. Zoben nan ya juya sau ɗaya ya cika, wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta buɗe a tsakiyar mata masu gaisuwa, sai ga Inna da atamfar salla tana murmushi: "Lafiyata ƙalau. Kada ki taso." Uwale ta jawo hannun ƙanenta mai yatsu shida ta kifa fuskarta a kai, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.