Gidan Sauron Datti

"Lafiya lau, ya ruwa? To amma bawan Allah, daga ina?"

Gwamma ta kare ido da hannu tana duban mai sallamar. Murya dai ta jikanta ce, Ja'afaru mai ɗaukar hoto a Kabo, amma fuska ta kumbura suntum. Ita ce kuwa ta matsa masa ya je Dugabau ya ɗauko mata hoton tsohon gidan gurzar auduga, inda marigayi mijinta Datti ya yi gadi har zamanin tsuke bakin aljihu ya rufe wurin. Ƙafa ta hana ta zuwa, ga shi an ce masu sayen ƙarfe sun fara kwasa.

"Innalillahi, Ja'afaru? 'Yan Hisba ne suka kama ka?"

"A fuska ake bulala, tsohuwa? Sauron mijinki ne. Suna ganin sabon angonki kishi ya motsa."

"Ango da fuska kamar kabewa? Na fasa auren."

"Ke kika ce gidan gurza. Da kin ce gidan sauro ne ai da na shirya. Biyu suka danne ni, na uku ya karɓi kyamarar ya ce in yi murmushi."

"Shari'a ta zo, amma ƙaryarka ba ta ji labari ba. Rago! Damina nawa Datti ya kwana can, ko susa ban taɓa ganin ya yi ba. Ina hotona?"

Ya miƙa mata, ta kai shi dab da hanci. Rufi babu, ceɗiya ta fito ta tsakiyar inji. Sai dakalin bakin ƙofa, inda take kai masa tuwo, shi kaɗai ya rage.

"Nan ne?"

"Nan ne, Inna."

Ta ƙura wa dakalin ido. Can ta dafa bango ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon gidan sauro a ninke, duk faci.

"Ungo. Jarumtar Datti ke nan gaba ɗayanta."

"Au, ashe a ciki yake ɓuya?"

Ta yi dariya tana share ido da gefen zane.

"Rufa masa asiri, ba ya nan. Na mayar da auren, amma sai fuskar ta sace."