Yadda Za Ka Ci Gaba Da Buɗe Ƙofar Da Ke Buɗe Kanta

Malam maigadi, an sa wa ƙofar ma'aikatarku na'ura, da ta hango mota sai ta zuge da kanta? Manaja kuma ya ce zai duba lamarinka ƙarshen wata? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, ba mai raba ka da bencinka, tabbas.

1. Riga ta motsi.
Da ka hango mota, zabura ka ɗaga hannu kafin ƙofar ta ankara. In ta zuge, gyaɗa mata kai kamar yarinyar da ta ji magana. In ta riga ka, sosa ƙeya kake.

2. Ɓata mata suna.
Leƙa tagar kowane direba ka ce, "Ranka ya daɗe, yau da ƙyar na lallashe ta." Ka ƙara da cewa ko gaisuwa ba ta iya ba. Masana sun tabbatar ƙarfe ba ya kare kansa.

3. Rage shan ruwa.
Ƙofar ba ta iya rufa asiri ba. Kana bayan gida za ta buɗe wa manaja.

4. Tsare gida.
Maiɗakinka za ta tambaya tana ninke kakinka: "Baban yara, wai da gaske ita ke buɗe kanta?" Kada ka kalle ta. Ka ce, "To wa ya koya mata?"

5. Jira a ɗauke wuta.
Ranarka ke nan. Ƙofa ta ƙame, manaja na waje yana danna oda. Sa kafaɗa ka tura, ka yi nishi yadda zai ji. Zai sauke gilashi ya ce, "Sannu baba, ka taimake mu. Yau na gane abin da muke buƙata." Yi murmushi. Zai juya wajen direbansa: "Gobe a sa mata batir."

6. Fita da mutuncinka.
Naɗe tabarmarka, ɗauki butarka da rediyo. Ƙofar ba ta ganin mai tafiya a ƙasa, don haka tsaya gefe har wata mota ta zo fita, ka bi bayanta.

A yi haƙuri: duk abin da ya biyo baya, ba ruwan mai wannan rubutu, don Allah kada a neme ta. Mutum ɗaya ta san ya gwada, babanta. Yana gida yanzu, ba ya barin kowa ya taɓa ƙofar ɗaki, ko almuru ya yi yana nan bakinta a zaune.